Amsa: Abin sawa a burodi in babu nama

Hajiya, kin tambayi abin da za ki sa wa yara a burodi ba tare da nama ba. Da damina, piya kan cika kasuwar Mile 12 da ke Legas. Ki zaɓi wadda in kin danna ta ɗan lotsa, ki dame ta da cokali, ki matsa lemun tsami kaɗan don kada ta yi baƙi, sai gishiri da ɗan yaji. Burodin Agege laushi gare shi, ki ɗan gasa shi a kasko tukuna, in ba haka ba jiƙewa zai yi. Ki jera kokwamba da albasa yanka siriri. Tumatir kam ni ban cika sawa ba, ruwansa na ɓata burodin. In akwai ragowar ƙosai, ki fasa biyu ki cusa a tsakiya.