Ga mai Corolla da ya tambaya ko asurans za su ƙara masa kuɗi bayan hatsari

Salamu alaikum jama'a. Ƙanena mai Corolla na ga tambayarka tun daren jiya, ka ce ka bugi bayan wata mota kusa da babbar kasuwar Garwa, fitilarta ta fashe bamfa ya lotse, kuma ana ta ce maka kar ka kai wa asurans don za su ƙara maka kuɗi su janye ragin da suke maka. Allah ya kiyaye gaba, tunda ba wanda ya ji ciwo ai da sauƙi. Shekara goma sha huɗu kenan ina biyan asurans, motar gida da wata pikop da nake ɗaukar kaya tsakanin Garwa da Ngaundere, sau biyu abin ya same ni, toh bari in faɗa maka yadda na gani.

Su fa abin da suke dubawa shi ne wa ke da laifi. Na farkon da ya same ni a bakin gadar Binuwai ne, na tsaya saboda shanu suna tsallakawa wata babbar mota ta zo ta tura ni ta baya. Aka yi konsta, wato takardar da ake rubuta yadda hatsarin ya faru, aka rubuta laifin direban ne gaba ɗaya, kamfanina suka bi kamfaninsa suka karɓo kuɗin gyara, wlh sai da na yi wata bakwai ina zarya har mai gadin ofishin ya san sunan 'ya'yana, amma da na zo sabuntawa ragina yana nan ko dala ba a taɓa ba. Na biyu kuwa ni ne na yi irin naka, ana ruwa a gangaren dutsen nan da ake kira falez kafin a shiga Ngaundere, birki ya ja na daki bayan wata Hilux. Wanda ya bugi baya kusan kullum shi ake ɗora wa laifi, kar ka ɓata bakinka wai na gaban ne ya taka birki ba shiri, ni ma na faɗi haka ba wanda ya saurare ni. Asurans ɗina suka biya gyaran Hilux ɗin, wajen sefa dubu 380, shekarar da ta biyo ragina ya tafi kuma aka ɗora ƙari, bambancin bai kai dubu 15 ba. Ka lissafa da kanka wa ya ci riba.

Abin da ya sa ƙarin ba ya kai yadda ake tsoratarwa, ɗauko takardar da suka ba ka ka duba da kyau. Jimillar da kake biya ba duka na asurans ba ne. Akwai ainihin kuɗin, wanda suke rubutawa pirim net, sannan kuɗin takardu, sannan harajin TVA kashi 19,25, da kart roz, takardar asurans ta ƙasashen CEMAC na Afirka ta Tsakiya, wadda da ita kake tsallake Kuseri zuwa Njamena, kuma tun 2017 binyet ma, wato harajin mota, a wajen masu asurans ake biyanta. Bonis da malis ɗin, wato ragi da ƙari, a kan pirim net kaɗai ake lissafa su, binyet ba ruwanta da ko ka buga mota ko ba ka buga ba. Shi ya sa ma ragin kansa bai taka kara ya karya ba in asurans ɗinka ta dole ce kawai, RC, wadda take biyan wanda ka yi wa ɓarna. Dokar CIMA, wato dokar asurans da mu da Cadi da sauran ƙasashen sefa muke bi, wadda aka sa hannu a kan yarjejeniyarta a Yawunde a 1992, ta ce akwai ƙasan farashin RC da kamfani ba zai sauka ƙasa da shi ba, don haka duk wanda ya ce zai yi maka rabin kuɗi a bakin tasha ka duba takardar nan da kyau.

Na ga wani ya turo lissafin da ya samo a intanet, wai kowace shekara ragi kashi 5, hatsari ɗaya ƙari kashi 25, in laifin rabi-rabi ne 12,5, sai an shekara 13 a kai rabin kuɗi. Gaskiya ne amma na Faransa ne wannan, kar a ɗauko a liƙa mana. Naka yana cikin takardar yarjejeniyarka, ƙananan rubutun nan da ba wanda yake karantawa.

Yanzu maganar sasantawa a garaji. Ni ba zan ce haramun ba ne, in fitila ce da bamfa kawai kuma bakanike ya ce dubu 30 ko 40 sun isa, mai motar kuma mutumin kirki ne, da yawa haka muke yi, amma a rubuta takarda ya sa hannu da shaidu biyu cewa ya karɓa magana ta ƙare, ka ɗauki hoton motar ta ko'ina. Sai dai ka san kana da kwana biyar na aiki ka sanar da kamfani daga ranar da abin ya faru, in sata ce ma awa 48, kuma sulhun da ka yi a bayan idonsu suna iya cewa ba su san da shi ba. Wani maƙwabcina ya taɓa wani mai moto a Yelwa, yaron ya tashi ya kaɗe jiki ya ce ba komai, aka ba shi dubu 10 aka rabu, bayan sati uku sai ga 'yan'uwansa da takardar asibiti wai ƙashin ƙugu ya tsage. Ya je asurans suka ce ina kake tun tuni, ba konsta ba takardar jandarma, shi dai ya sha wahala ba kaɗan ba kuma kuɗi masu yawa sun fita daga aljihunsa. Tun daga nan in dai an taɓa jikin mutum ko ƙwarzane ne ni ba na sulhu.

Motarka kuma, in RC kaɗai gare ka gyaranta daga aljihunka ne tunda kai ke da laifi, ka kai ko ba ka kai ba. In tu risk ce, wadda take biyan ɓarnar motarka ma, za su gyara amma akwai faranshiz, kason da kai za ka fara ɗauka, in ɓarnar ba ta wuce shi sosai ba kai musu ɗin asara ce biyu.

Masu cewa ka sauya kamfani kawai a manta, sabon kamfanin yana iya tambayarka takardar tarihinka daga tsohon, kuma in aka tambaye ka ka ɓoye da gangan, ranar da babban abu ya faru suna da ikon cewa yarjejeniyar ba ta da inganci tun farko kuma kuɗin da ka biya ba za su dawo ba. Ita wannan takardar ma tana da amfani ga wanda tarihinsa ke da tsabta, ni da ita na ɗauko ragina lokacin da na sauya kamfani, da ban nema ba da sun fara min daga sifili. Masu yanka asurans wata biyu wata uku su bar tazara a tsakani kuma, yawanci ba sa tara ragin komai.

Yau kwana na biyu kenan ko? Ka kai motar mutumin wajen bakaniken da ka yarda da shi gobe da safe a buɗe but a duba ko ƙarfen ciki ya lanƙwashe, don bamfan roba yakan ɓoye ɓarna. In ya wuce dubu ɗari ka wuce ofishinsu da permi, wato lasisin tuƙi, da kart giris, wato takardar rajistar mota, da takardar asurans kafin Juma'a, ka turo mana abin da suka ce.