Ƙungiyar kamfanonin waƙa ta ƙasa: mene ne aikinta, kuma wa take wakilta?

Tambaya: Nakan ga an ce RIAA ta ba wata waƙa shaidar zinare. Mene ne aikin irin wannan ƙungiya? Ita ce ke biyan mawaƙa haƙƙinsu?

Amsa: A'a, ba ta biyan kowa. RIAA ƙungiya ce a Amurka ta kamfanonin da ke ɗaukar waƙa su sayar, irin su Universal da Sony da Warner, kuma muradinsu take karewa, ko da ya saɓa da na mawaƙi. Tattara kuɗin waƙar da aka saka a rediyo ko wurin taro aikin wasu hukumomi ne daban, kamar ASCAP da BMI a Amurka.

An kafa RIAA a 1952, BPI ta Birtaniya a 1973, yawancin irinsu kuma suna ƙarƙashin inuwar IFPI, uwar ƙungiyarsu ta duniya. Sukan matsa wa majalisa lamba kan dokar haƙƙin mallaka, su kai masu satar fasaha kotu, kamar yadda RIAA ta maka Napster, manhajar musayar waƙoƙi kyauta a intanet, a 1999, su kuma fitar da alƙaluman kasuwa duk shekara.

Shaidar da ka ambata ita ce aka fi rikicewa a kai. A Amurka zinare na nufin kwafi 500,000, filatinam miliyan 1, lu'ulu'u miliyan 10. Tunda yanzu a intanet ake saurare, sai aka yi ma'auni: saurare 150 daidai yake da sayar da waƙa guda, 1,500 kuma kundin waƙoƙi (album) guda. Ba haka kawai ake bayarwa ba. Kamfanin ne zai nema, ya miƙa takardun ciniki a tantance, kuma cinikin cikin Amurka kaɗai ake lissafawa. Shi ya sa waƙa kan yi tashe a duniya amma ta rasa shaidar. Kowace ƙasa da adadinta. A Birtaniya kundi 100,000 ya isa zinare, don haka kwatanta shaidun ƙasashe biyu kai tsaye kuskure ne.

Aikin da ba a cika magana a kansa ba, alhali ya fi shafar ƙaramin mawaƙi, shi ne lambar ISRC, wato lambar da ke bambanta kowace waƙar da aka ɗauka da sauran, wadda a ƙasashe da dama irin waɗannan ƙungiyoyi ke rabawa. Gurbi 12 gare ta: 2 na ƙasa, 3 na mai rajista, 2 na shekara, 5 na waƙar. Idan aka sauya kamfanin rarrabawa aka sake wa waƙa sabuwar lamba, lissafin saurarenta ya rabu gida biyu, kuɗin ma ya bi sahu. A riƙe lambar farko, sai in an sake ɗaukar waƙar ko an sauya ta.