Abin da muke so a gwajin jirgin inji

Malam ka tambaya me muke nema in mujalla ta gwada jirgin ruwa mai inji, to ni dai gudu bai dame ni ba. Su gwada shi da lodi, buhunan banda da fasinja, su faɗa mana lita nawa injin Yamaha 40 ke sha in ana hawan kogin Logone daga Kusiri, don man zuwa-zuwa, wato na 'yan bumburutu, muke zubawa, wani lokaci da datti sai kafireta ta toshe. Ga farfela kuma, da rani tana dukan yashi, a tafkin Chadi ciyawa ke naɗe ta. Kayan gyaransa fa, akwai a Marwa ko sai an aika Maiduguri? Wallahi wannan ya fi damunmu.