Tikitin jirgin ƙasa na waya: Baba ba shi da babbar waya, ya za a yi?

Tambaya: Salam malam. Zan saya wa Babanmu tikitin jirgin Kaduna zuwa Abuja ta intanet, an ce wani zane mai ɗigo-ɗigo baƙi da fari suke turowa. Shi kuma ƙaramar waya gare shi mai madannai. In na tura wa ƙanena hoton ya buga masa a takarda zai yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya saka maka da alheri kan hidimar Baba. Eh zai yi. Zanen nan QR code ake ce masa, ɗan uwan barcode ɗin da kake gani a jikin kayan kanti ne, kuma shi lamba ce kawai da ke kai na'ura ga bayanin da aka ajiye a kwamfuta, wato sunan fasinja da ranar tafiya da tarago da lambar kujera. Na'urar da ma'aikaci zai haska a ƙofa ba ruwanta da ko a gilashin waya zanen yake ko a takarda, ita dai ya fito raɗau. Don haka ku buga shi inda tawadarsu ba ta dishi-dishi, kuma ka roƙi Baba kar ya ninke takardar ta kan zanen ya cusa a aljihun gaba, gumi da lanƙwasa na ɓata shi.

Amma ga inda nake so ka natsu sosai. Da zarar an haska lambar sau ɗaya, kwamfuta ta rubuta cewa an shiga da ita, shikenan. Kenan duk wanda hoton ya faɗa hannunsa zai iya jawo muku matsala, wallahi abin na damuna in na ga matasa suna ɗora tikitinsu a status wai "Abuja sai mun zo" lambar a fili kowa na gani. Ƙaninka kaɗai za ka tura wa.

Sannan da sunan Baba da NIN ɗinsa za ka saya, kar ka sa naka. Tun da jirgin ya dawo aiki ranar 5 ga Disamba 2022, bayan harin 28 ga Maris na shekarar, hukumar jiragen ƙasa ta Najeriya, NRC, ta wajabta NIN wajen sayen tikiti, to ya riƙe katinsa a hannu.

A Janairun 2021 aka fara tsarin sayen tikiti ta intanet a layin nan, babban dalili kuwa cuwa-cuwar tikiti a tashoshin Rigasa da Idu da Kubwa, mutum ya yi sammako a ce masa ya ƙare, can gefe kuma wani na sayarwa da tsada. Ya rage abin, ban ce ya kashe shi ba, kuma a ganina har yanzu ba a yi wa dattawa irin Baba tanadin da ya kamata ba, sai wanda Allah ya ba ɗa irinka.

In ƙanin naka zai raka shi tasha ya ɗauki screenshot tun daga gida ya ƙara hasken wayar, kar ya dogara da netwok a bakin ƙofa.