Ƙwai mai laushin ɓawo: ba kullum ne laifin bitamin D ba

Wata Hajiya daga Zariya ta rubuto cewa kajinta 200 sun fara yin ƙwai mai laushin ɓawo, wani ma ba ɓawon sam. Ta sayi ruwan bitamin mai tsada har kwalba uku, shiru.

Hajiya, ki dakata da zuba kuɗi a ruwan sha. Na gaji da amsa wannan tambaya, kuma kusan kullum kuskuren ɗaya ne. Aikin bitamin D shi ne ya taimaki hanji ya tsotsi kalsiyam daga abinci. To in babu kalsiyam ɗin, me za a tsotsa? Ɓawon ƙwai guda yana cin kusan giram 2 na kalsiyam, shi ya sa abincin kaza mai ƙwai ke bukatar kashi 3.5 zuwa 4 cikin ɗari. Duk wanda ya ƙara dusa a buhu don ya yi auki, da hannunsa ya rage wannan adadi. Kazar ba za ta daina ƙwai nan take ba, daga ƙashinta za ta riƙa cirowa, har ki wayi gari ki same ta a gurfane. Ki zuba tsakuwar laimston, wato dutsen farar ƙasa mai kalsiyam, a wani mazubi daban, musamman da yamma, domin da dare ake gina ɓawon.

Sai bayan wannan ki duba bitamin ɗin. Kazar da ke rufe ƙarƙashin kwano ba ta ganin hantsin da fata ke haɗa bitamin D da shi, firimis kaɗai ta dogara da shi, wato garin bitamin da ake gaurayawa a abincin kaji. Ki karanta jikin ledar, D3 ake so, D2 ba ya tsinana wa kaji abin kirki. Firimis da ya daɗe a shago mai zafi ƙarfinsa ya ragu, masara mai funfuna ita ma tana ɓata aikinsa. Da bazara kuwa, yawan haki kaɗai na sa ɓawo ya yi rauni. Kada ki ninka awo: jiki ajiye wannan bitamin yake yi, in ya yi yawa ƙoda yake taɓawa.

Wani malami daga Maraɗi yana tambaya ko hasken rana ta tagar gilashi zai wadatar da 'yan tsakinsa wajen samun bitamin D. A'a, Malam. Gilashi yana tare nau'in hasken da fata ke haɗa bitamin ɗin da shi.

Wani manomi kuma ya ce ƙafafun ɗansa ɗan shekara uku sun yi baka, ko ya ba shi bitamin ɗin kaji? Subhanallahi, kada ka soma! Ka kai shi asibiti. Binciken da aka yi a Jos, aka wallafa a 1999, ya nuna yaran da ke da wannan larura sun fi warkewa da kalsiyam fiye da bitamin D shi kaɗai. Kafin ka kai ƙwai kasuwa, ka ware wa yaron nasa don gwaiduwar, ka haɗa masa da nono da ƙananan kifi da ake ci har ƙaya.