Ga ƴar'uwa mai riƙe da makullin gidan gado

Assalamu alaikum ƴan zaure. Ƴar'uwa, na ga tambayarki kan gidan da mahaifinku ya bari nan Maradi, wanda har yau ba a raba ba, ƴan'uwanki na Yamai da Kano suna sauka ciki lokacin Sallah da babban hutun ƴan lakwal, ke kuma ke ce a gari, makulli na hannunki. Kin ce kina son ki rubuta ƙa'idodin zama amma kina tsoron a ce kin mallake gida. Wallahi da na karanta sai da gabana ya faɗi, don abin da nake ciki ke nan tun rasuwar Innarmu. Ki yi haƙuri, zan yi tsawo.

Ki rubuta. Amma kada takardar ta fito da sunanki, kada kuma ta fito daga bakinki. Ki je wurin Baffanku ko Kawunku, duk wanda ya rage cikin manyan da ake jin kunyarsu, ki zauna ki faɗa masa komai, shi ya yi magana. Mu Baffanmu na Tibiri ne ya ɗauki murya ya tura a WhatsApp ɗin dangi, ɗansa ya rubuta abin da ya ce, aka liƙa ɗaya a zaure ɗaya a ƙofar madafa. Maganar da na yi ta faɗa ana kallona kamar mai neman rigima, ita ce dai Baffa ya maimaita, kowa ya amsa da "to Baffa, Allah ya ƙara girma". Ke mace ce, watakila ma ba ke ce babba ba. Duk gaskiyarki, in daga gare ki ta fito za a ce iko kike nema.

Bari in gaya miki abin da ya kai mu ga haka. Sallar layya ta 2023, ƙarshen watan Yuni, Yayanmu ya zo daga Yamai da iyalinsa. Aka yi Sallah lafiya, aka gasa raguna, washegari aka yi rabo aka yi suya, shi ya koma aiki, matarsa da yara suka tsaya cin hutu. Ni ina unguwar Zariya gidan mijina, gidan namu yana unguwar Bagalam, kullum ina leƙowa da fura ko ɗan abin miya. Sai ɗana ƙarami ya kwanta da zazzaɓi, muka yi ta zaryar likita, ƙafata ta ɗauke daga gidan. A cikin wannan tsakanin ne aka yi bikin ƙanwar matar Yaya. Ban sani ba, ba a gaya mini ba, ashe gidan ubanmu ta mayar masaukin ƴan biki. Mutanen da ban taɓa gani ba, daga Tasawa, daga Gazawa, har da na Jibiya. Da wuri ya yi musu kaɗan sai ta sa aka fasa kwaɗon ɗakin Inna.

Ɗakin Inna, ƴar'uwa. Ɗakin da mu da ta haifa ba ma shiga sai da sallama, ko bayan ba ta. Yadda ta bar shi haka muka bar shi: gadonta, jeren kwallayenta da ta tara tun aurenta, akwatin ƙarfe mai zannuwanta, dardumarta da tasbaharta a rataye. Duk Juma'a nakan buɗe in share in sa turare in rufe. Ranar da na samu kaina na je, na tarar da ƙofar zaure a janye kawai, makulli wai an bar wa yaron mai shago. Sun tafi ko sallama babu. Tun daga zaure wari ya tare ni. Kin tuna a watan Agustan shekarar ne Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, wuta ta koma sai an ga dama. Sun bar sauran nama da miyar biki cikin firigo, ya ruɓe har ruwansa na bin ƙasa. Famfon makewayi kuma a buɗe, don lokacin da za su tafi babu ruwa, wani ya murɗa ya bar shi. Ruwa ya dawo ya yi ta zuba, ya cika masai, ya jiƙa gindin katanga har ta tsage.

Duk wannan da sauƙi. Da na shiga ɗakin Inna na ga katifarta da fitsarin yara, an jingine ta a bango ta yi funfuna. Kwallayenta a tsakar gida da busasshen tuwo ciki, wasu babu murfi, wasu babu su gaba ɗaya, an zuba wa ƴan biki abinci sun tafi da su. Dardumarta na tsince ta bakin rariya, an yi abin goge ƙafa da ita. Zannuwa biyu da take ji da su, waɗanda ta je Makka da su, ban sake ganinsu ba har yau. Na zauna bakin ƙofa na yi kukan da ban yi ba ranar da aka ɗauke ta. Maƙwabciyarmu, tsohuwa ƙawar Inna, ita ta shigo ta riƙe ni, tana cewa ta so ta yi magana amma ta ga matar babban ɗa ce, wa zai hana ta.

Ni na kira masu kwasar masai, ni na kira magini, ni da ƴaƴana mata muka wanke firigo da toka da omo muka shanya shi a rana. Da takardar kuɗin ruwa ta zo na ɗauki hotonta na tura wa dangi, ban zagi kowa ba, na ce ga abin da ya samu gida, a taimaka. Kin san amsar da na samu? Matar Yaya ce ta turo murya, a gaban kowa, har da ƙannenmu. Ta ce gidan uban mijinta ne, rabon mijinta biyu nawa ɗaya, ba ta ga dalilin da za ta nemi iznina ba. Ta ƙara da cewa kuɗin da ake turo mini na gyara ina suke zuwa. Ni! Ni da nake cire na cefanen gidana in sayi tsintsiya da kwan fitila. Abin da ya fi ci mini rai ba maganarta ba ce, shirun Yaya ne. Ya ji, alama ta nuna ya saurara, bai ce uffan ba. Mutumin da na yi wa wanki yana lakwal. Har yanzu in na tuna sai in ji wani abu ya tokare mini ƙirji. Mun shirya, muna gaisawa, zumunci ba a yanke shi, amma ban manta ba.

Shi ya sa nake ce miki maganar kuɗi ki fitar da ita fili tun yanzu. Ki sayi littafi, duk dala da ta shigo da wadda ta fita ki rubuta, ki ɗauki hoto ki tura duk ƙarshen wata, ko ba wanda ya tambaya. Mu yanzu kowane magaji yana turo jikka 5 a wata ta kamfanin tura kuɗi na Nita ko Amana, ya zo hutu ko bai zo ba, don gara ba ta jiran baƙi kafin ta ci azara, mai gadi ma ba ya jira. Wanda ya sauka kuma, ranar isowarsa a ɗauki hoton mitar wuta da ta ruwa, ranar tafiya a sake ɗauka, abin da ya sha shi zai biya. Musamman masu zuwa watan Afrilu da Mayu, zafi ya haura 40, a kunna kilim mai sanyaya ɗaki dare da rana, a tafi a bar miki takarda. Gaz ma haka. Ka tarar da tukunya mai kilo 6 a cike, ka bar ta a cike.

Makulli kuwa, ɗaya tak, a hannunki. Kada ki yarda a yanka wa kowa nasa, in ba haka ba wata rana za ki tarar da abokin ɗan wani yana kwana a zaure. Mai zuwa ya faɗa tun da mako guda. Ya karɓa hannu da hannu, ya mayar hannu da hannu, ku zagaya gidan tare kafin ya hau mota: famfuna a rufe ko da babu ruwa, firigo a kwashe a cire shi daga wuta a bar ƙofarsa a buɗe, kan gaz a ɗaure, shara a fitar, randuna da bokitai a kife saboda sauro. Masu kama motar asuba zuwa Yamai, tafiyar da ta haura kilomita 600, ba su da lokacin wannan da safe, don haka a yi shi tun da yamma.

Kuma baƙo ba ya kawo baƙo. Wannan ki sa Baffanku ya faɗe ta da babbar murya. Dangin mata, abokan miji, ƴan biki, ƴan suna, ƴan kasuwar da suka zo cin kasuwar Litinin ko Juma'a suna neman wurin kwana, duk sai an tambayi magada. Ba rowa ba ce. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce liyafar baƙo kwana 3 ce, abin da ya wuce haka sadaka ne, kuma bai halatta baƙo ya zauna har ya ƙuntata wa mai gida ba. Suratun Nur ma ta hana shiga gidan da ba naka ba sai da izini da sallama, aya ta 58 har ta ambaci lokuta 3 da yaran gida kansu za su nemi izini: kafin sallar asuba, da tsakar rana lokacin da ake tuɓe tufafi, da bayan isha'i. Gida ya cika da iyali huɗu, samari sun girma, ƴan mata sun girma, wasu ba muharraman juna ba ne. A ware wa samari zaure ko shago na waje, a ce bayan isha'i ba mai ratsa tsakar gida sai da sallama. Ƴaƴan birni wasunsu ba su saba ba, ba laifinsu ba ne, a faɗa musu da daɗin rai.

In akwai ɗakin mahaifiyarku ko na mahaifinku da kayansu ciki, don Allah ku raba kayan nan yanzu. Kowa ya ɗauki abin da zai riƙa tunawa da su, sauran a yi musu sadaka da shi. Abin da ba za a raba ba a kai shi gidan wani babba. Kwaɗo ba ya hana wanda bai san darajar abin da ke ciki ba.

Wani abin da ke damuna, ko da ba ki tambaya ba: ƴaƴanki mata. Ki lura da su. Da baƙi sun iso sai a mayar da ƴaƴan mai zama a gari ƴan aiki, su ne wanke-wanke, su ne shara, su ne aike kasuwa cikin rana, ƴaƴan masu zuwa suna kwance da waya wai hutu suka zo. Ɗiyata ta fari ta taɓa tambayata ko su ba su da hutu ne. Na rasa abin da zan ce mata. Yanzu girki kwana-kwana ne, kowace mace da ranarta, ƴaƴanta su yi wanke-wanken ranar. Cefane kuma a haɗa tun ranar farko, buhun shinkafa, tiyoyin hatsi, mai, gawayi, kuɗin ƴan ga-ruwa in famfo ya ɗauke. Wadda yaranta ba sa cin tuwo sai taliya, ta saya da kuɗinta, ba mai hana ta.

Su zo da gidan sauronsu kuma. Babban hutu cikin damina yake faɗowa, Agusta da Satumba zazzaɓin cizon sauro ya fi tsanani, yaro ya kwanta tsakar dare ke za a buga wa waya. Ki rubuta musu a takardar inda likita mafi kusa take da kantin maganin da ke kwana buɗe, da lambar mai adaidaita ɗaya da kuka yarda da shi. Masu son kai yara tafkin Madarunfa su tafi da babba namiji, kada a tura su da samari kawai.

Daminar ma kanta, kin ga abin da ruwan ƙarshen Agustan 2024 ya yi a garin nan, gidaje nawa suka faɗi, rayuka suka salwanta. Gidan da ba kowa ciki ya fi saurin lalacewa, indararo ya toshe ba mai gani, ruwa ya kwanta bisa soro. Tun watan Mayu a fitar da kuɗi daga asusun a duba rufi, a yi yaɓe, a buɗe rariya. Mu har mun sa wani ɗan'uwa mai ƙaramin ƙarfi da matarsa a ɗaki ɗaya na waje, ba ya biyan haya, yana share gida yana kunna fitila da dare. Shi ma da takarda da shaidu, don kada gobe zama ya zama gado.

Maganar raba gidan kuwa, ku je wurin malami ya fitar wa kowa rabonsa a rubuce, ko da ba za ku sayar ba, ko da za ku ci gaba da sauka tare. Ƴan'uwan da suka sha nono ɗaya suna iya haƙuri da juna, ƴaƴansu da matansu ba lallai ba ne. In kina so ki yi mini magana ta gefe, in turo miki hoton takardar da Baffanmu ya sa aka rubuta, ki cire abin da bai dace da gidanku ba. Ki je wurin Baffan naku tun kafin a fara kiran waya ana cewa ga mu nan tafe, don in sun riga sun sauke kaya ba mai sauraren ƙa'ida. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya ba ki ladan abin da kike yi.