Safar hannu da hitar babur: kada ka sayi mai kauri a tafi

Wa'alaikumussalam ƙanena. Wallahi ina karanta tambayarka sai na ji yatsuna sun fara tsami, don abin da ya same ka shi ya same ni. Ka ce ka sa hita a hannun babur, ka ƙure ta, ka kuma sayi safar hannu ta hunturu, amma ko ɗumi ba ya kai maka, shin wace iri za ka sake saya? Hitarka lafiyarta ƙalau. Safar ce ta tsaya a tsakani.

Ni a Disamba 2022 na sha tawa, makon nan da sanyi ya rufe Ingila baki ɗaya. Ina kai abinci a garin Shefil da ƙaramin babur mai injin 125. Kafin nan na shiga wani shagon kayan babur, na gaya wa mai shagon ina da hita, da bakina na faɗa masa har sau biyu. Ya ɗauko mini wata ƙatuwa kamar ta 'yan dambe, fam 90, ya ce ba ta da na biyu. Kuɗin da zan aika wa Hajiyarmu na gutsura na saya. Ashe audugar da ke tafinta daidai take da ta bayanta, zafin hita ba ya ratsawa sai ka yi kusan rabin awa, mu kuwa duk minti goma mun sauka mun hau.

Daren da ba na mantawa, ina gangarowa daga unguwar Kuruks, kun san tudun nan, wata mota ta ja birki a gabana. Na kai hannu zan kama birkin gaba, wallahi ban ji ƙarfen ba. Idona na ganin yatsuna a kai amma kamar na wani ne. Na matsa da ƙarfi fiye da kima, tayar gaba ta zame, sai ga ni a ƙasa, miya ta malale cikin jaka. Allah Ya tsare ba gudu nake ba. Na lallaɓa masallaci don sallar isha, na tara hannu a ruwan ɗumi zan yi alwala. Ƙanena, na yi acaɓa shekara huɗu a Funtuwa, na san jaura, na san fita da asuba hannu yana tsagewa, amma ban taɓa jin azaba irin ta lokacin da jini ya fara komawa yatsun nan ba. Farcena ya yi fari fat, sannan ya yi ja. Na zauna a kan dakalin alwala ina hawaye, wani dattijo ɗan Fakistan ya riƙe min hannu cikin tawul har na dawo hayyacina.

Washegari na mayar wa mai shagon safar. Ya jujjuya ta, ya ce an sa ta cikin ruwa, ba ya karɓa. Na ce ai na gaya maka ina da hita. Ya ce bai tuna ba. Bai tuna ba! Har yau in na bi ta layin nan raina sai ya ɓaci. Ba kuɗin ne ya fi ƙona min rai ba, yadda ya kalle ni ne kamar na zo damfara.

To ga abin da na gano bayan nan. Hita tafi kawai take ɗumamawa, iska kuwa bayan hannu take duka, da kan yatsu da babban yatsa. In ana sifiri a ma'auni kana tafiyar mil 30 a awa, abin da fatarka ke ji ya kai kusan 8 ƙasa da sifiri. Don haka nemi wadda tafinta siriri ne, kaurin duk yana baya. Kamfanoni da yawa suna yin irinta musamman don masu hita. Ka matsa tafin da yatsu biyu a shagon, ka matsa bayan, in ka ji kaurinsu ɗaya ajiye ta. Kuma kada ta matse ka. Ni na ƙara lamba ɗaya a kan wadda na saba, don safa in ta kama hannu tam jini ba ya gudu. Ka dunƙule hannu kamar ka riƙe totur, in kan yatsunka na tokare ƙarshenta, ba taka ba ce.

Ranar ruwa ka rage hitar. Shimfiɗar cikin nan mai hana ruwa, irin su Gore-Tex, tana tura danshi ne daga wajen zafi zuwa wajen sanyi, to in tafin ya fi hannunka zafi sai danshin ya juyo ciki. Na daɗe ina zaton tawa ce ta huje. Kuma kada ka shanya ta a kan hitar ɗaki, fatar bushewa take ta yi tauri. Cusa mata jarida ka bar ta ta kwana.

Af, wa ya haɗa maka wayar? In kai tsaye aka ɗaura ta a batir, kuma ba mai kashe kanta ba ce, rana ɗaya za ka manta ta a kunne ka fito babur ya ƙi tashi. A bi da ita ta makulli. Sannan ka duba tambarin EN 13594 a jikin safar, wato shaidar ingancin safar babur ta Turai, kada ka sayi ta masu wasan ƙanƙara don ta fi araha, kwalta ba ta san araha ba. Tafina na dama dai safar nan ce ta cece shi a daren nan, wannan kam ba zan hana ta ba.

Amma abin da ya raba ni da wahalar nan gaba ɗaya shi ne jakar nan da ake ɗaura wa kan babur ana zura hannu ciki, wadda 'yan kai saƙo na Landan ke sawa. Yara za su ce ba ta da kyau, ƙyale su. Da ita da hita, safa matsakaiciya ma ta ishe ni har watan Fabrairu. Ka dai tabbata iska ba ta danna ta a kan birki in kana gudu. Ina da tsohuwa ta kamfanin Oxford a ajiye, zif ɗin gefe ɗaya ne ya ɗan lalace. In kana kusa da Shefil ka yi min magana, ranar Juma'a bayan an sauko sai ka karɓa.